Amsoshin Tambayoyinku: Wasa nawa ake ba sabon ɗan wasa kafin a yanke masa hukunci?

TAMBAYA: Ni matashi ne daga Ɗanbatta, noma nake yi, ranar Lahadi kuma in ɗan taɓa saye da sayarwa a kasuwa. Wani musu ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a gidan kallon ƙwallon unguwarmu. Ƙungiyar da muke goyon baya ta sayo sabon ɗan wasan gefe da maƙudan kuɗi, ga shi ya buga wasa huɗu bai ci ƙwallo ba, bai kuma bayar an ci ba. Tuni wasu suka ce kwantai aka haɗa mu da shi. Hujjarsu ita ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, suna kuma kafa misali da Ahmed Musa, wanda ya ci biyu a wasansa na farko da ya dawo Kano Pillars. Da na ce a yi haƙuri sai aka ce ban san ƙwallo ba. Don Allah wasa nawa ya kamata a ba sabon ɗan wasa kafin a ce ya yi ko bai yi ba?

AMSA: To ɗan'uwa, tunda abokan musunka sun ɗauko Ahmed Musa, mu ma da shi za mu fara, domin tarihinsa ya fi ba ka gaskiya a kan su, sai dai su rabin labarin suka riƙe.

Gaskiya ne, a watan Oktoban 2024 da ya dawo Pillars, ya ci ƙwallo biyu a wasansa na farko, aka doke Sunshine Stars da ci biyu da nema. Amma a tambaye su: wane irin "sabon ɗan wasa" ne wannan? Mutumin da ya sa rigar Pillars tun yana yaro, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Najeriya a shekarar. Ya san zafin ranar Kano, ya san filayenmu, ya san yadda 'yan bayan ƙungiyoyinmu suke saka ƙafa, ya san harshen da ake magana da shi a ɗakin sauya kaya. Ai wannan ɗan gida ne ya yi tafiya ya dawo. Ba a auna baƙo da ma'aunin ɗan gida.

In ana son a ga Ahmed Musa a matsayin baƙo na haƙiƙa, sai a koma shekarar 2016. A watan Yulin shekarar Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki da lashe Firimiyar Ingila, ta saye shi daga CSKA Moscow ta Rasha a kan kusan fam miliyan 16 da rabi, kuɗin da ƙungiyar ba ta taɓa sayen wani da su ba kafin lokacin. A farkon watan Agusta aka yi wasan share fage da Barcelona a birnin Stockholm. Musa ya shigo daga benci, ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ya tsere wa 'yan bayan Barcelona ya jefa a raga, can anjima ya ƙara ta biyu. Duk da Leicester ce ta sha kashi da ci huɗu da biyu, a daren nan babu majalisar ƙwallo a ƙasar Hausa da ba a ambaci sunansa ba. In da Laraba tana nuna Juma'a a harkar ƙwallo, to ba a taɓa ganin Larabar da ta kai wannan haske ba.

Yaya Juma'ar ta kasance? Sai a ƙarshen Oktoba ya ci ƙwallonsa ta farko a Firimiya, a wasa da Crystal Palace. Ya gama kakar da ƙwallo biyu kacal a gasar, ban da biyun da ya ci Everton a kofin FA a watan Janairun 2017. Zuwa Janairun 2018 an mayar da shi aro CSKA. Shin ƙwallon ce ya mance? Ina! A watan Yunin wannan shekarar ya ci Iceland biyu a gasar cin kofin duniya, kamar yadda ya ci Ajantina biyu a 2014. Ƙafar ba ta canza ba. Abin da ya same shi a Leicester daban ne. A Mosko shi ake nema da ƙwallo, a kansa ake gina hari, a Leicester kuwa ya tarar da Jamie Vardy, mai irin gudunsa da irin wurin da yake son tsayawa, ga Riyad Mahrez ya riƙe gefen dama, sannan kafin a rufe kasuwa aka ƙara sayo Islam Slimani da kuɗin da suka fi nasa. N'Golo Kanté, wanda yake ƙwato ƙwallo a tsakiya har a samu damar kai harin ba-zata, ya riga ya koma Chelsea. Ƙungiyar duka ta rikice, har aka sallami kocin da ya kawo shi, Claudio Ranieri, a watan Fabrairun 2017. Wanda ya gaje shi ya koma wa mutanen da suka ci kofi, Musa ya zama ɗan ɗumama benci. Ka ga ke nan ƙwallo biyun Stockholm ba su faɗa wa kowa komai ba game da abin da ke tafe.

Magoya bayan Manchester United, waɗanda na san ba a rasa su a kowane gidan kallo daga Ɗanbatta har Kazaure, su ma suna da nasu tabon. Antony, ɗan Brazil da aka sayo daga Ajax a 2022 da sama da fam miliyan 80, ya ci ƙwallo a kowane ɗaya daga wasanninsa uku na farko a Firimiya: Arsenal, Manchester City da Everton. Aka yi ta kirari. Daga nan har ƙarshen kakar, ƙwallo ɗaya tak ya ƙara a gasar. A kakar da ta biyo baya ma ɗaya ya ci. Sai da aka ba da shi aro ga Real Betis ta Sifaniya a farkon 2025 aka sake ganin ɗan wasan da aka saya.

Yanzu mu juya ɗaya fuskar. Thierry Henry ya zo Arsenal a watan Agustan 1999 daga Juventus, inda aka ajiye shi a gefe bai yi wani abin a zo a gani ba. Arsène Wenger ya mayar da shi ɗan gaba, wurin da ya daɗe bai buga ba. Ya yi wasa takwas babu ƙwallo ko ɗaya. Da a ce 'yan gidan kallonku ne masu ƙungiyar, da tun a wasa na huɗu sun ɗaure masa kayansa. Mutumin ya ƙare da ƙwallo 228, babu wanda ya kai shi a tarihin Arsenal.

Na gida ma akwai. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, Wolfsburg ta Jamus ta ɗauke shi a farkon 2017. Shekara ɗaya da rabi ya yi can bai ga raga ba ko sau ɗaya. Rauni ya dame shi, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, har wasu ƙungiyoyin Beljiyam suka gwada shi suka ce ba sa so. Charleroi ce ta karɓe shi aro a 2018. Sauran labarin kun san shi: Lille, sannan Napoli, inda ya ci 26 a kakar 2022/2023, ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar lig ta Italiya karon farko tun 1990, shi kuma aka ba shi gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023.

Kada ka ɗauki wannan ka je ka ce duk wanda ya fara da ƙafar hagu Henry ne. Akwai da yawa da suka fara ba daɗi suka kuma ƙare ba daɗi, haƙuri bai tsinana musu komai ba. Abin da nake nuna maka shi ne wasa huɗu ba ya rarrabe tsakanin waɗannan da waɗancan. Lissafi ma ya nuna haka. Ɗan wasan gefe da ya ci goma a gasa mai wasa 38 ana cewa ya yi kaka mai kyau, wato kusan ƙwallo ɗaya a wasa huɗu ke nan. Ƙwallaye kuwa ba a jere suke zuwa ba kamar kwanan wata. Mutum zai ci uku a mako biyu, sannan ya yi wata ɗaya da rabi shiru. Saboda haka ɗan wasa mai kyau ƙwarai yana iya yin wasa huɗu, ko shida, bai ci ba, kuma babu abin da ya same shi.

Sannan a duk fili babu wanda ya dogara da wasu kamar ɗan wasan gefe. Kai manomi ne, ka san in an sayo sabon san huɗa a kasuwarku aka haɗa shi da tsohon a karkiya ɗaya, kwanakin farko kunya ba ta miƙewa. Wannan ya ja nan, wancan ya ja can, mai riƙe da garma ya yi ta fama, alhali kowannensu lafiyayye ne mai ƙarfi. Takunsu ne bai zo ɗaya ba tukuna. Haka lamba bakwai, wato ɗan wasan gefe, yake da lamba biyun da ke bayansa da ɗan tsakiyar da zai ba shi ƙwallo. Shi ya saba a jefa masa ita gaba ya bi da gudu, su kuma sun saba da wanda ya tafi, mai son a ba shi a ƙafa. Ya ruga, ba a ba shi ba. Ya tsaya, an jefa gaba. A talabijin sai ka ga kamar shi ne ba ya wasa, domin kyamara ƙwallo take bi, ba ta nuna maka gudun da ya yi sau biyar ba a kula shi ba.

Shi ya sa nake ba ka shawara, wasa na gaba ka ɗan cire ido daga kan ƙwallo ka sa a kansa duk lokacin da ya shigo hoto. In ya karɓa, yana fuskantar ɗan baya ya nemi yanke shi, ko kuwa da sauri yake mayar da ita baya kamar ta ƙona shi? Wanda yake gwadawa ana ƙwacewa ya fi mini wanda ya daina gwadawa, domin na biyun tsoro ya riga ya shige shi. In ƙungiyar ta rasa ƙwallo, yana dawowa ya taya ɗan bayansa? Yana shiga cikin da'irar gola idan ana kawo hari ta ɗaya gefen? Abokan wasansa sun fara nemansa, ko suna kallonsa su juya? Ka kuma lura da gefen da koci yake ajiye shi, ko shi ne wanda ya saba bugawa a inda ya baro, da minti nawa ake ba shi. Wanda ake sakowa saura minti goma sha biyar a tashi, sau huɗu, a gaskiya wasa ɗaya ma bai cika ba.

Batun kuɗi kuwa, wanda na san shi ne ainihin abin da ke ci wa abokanka tuwo a ƙwarya, ba ɗan wasa ne ya yanka wa kansa farashi ba. Shugabannin ƙungiya biyu ne suka zauna suka yi ciniki, kuma farashin yakan hau ne saboda yawan shekarun da suka rage a kwantiraginsa, da ƙuruciyarsa, da yadda mai saye ya matsu. In an yi tsada, a tuhumi wanda ya biya. Abin dariyar ma, mu da muke biyan kuɗin shiga gidan kallo, mu haƙura da zafi da ƙarar janareto, mun fi masu kuɗin jin zafin asarar.

A nan gida abin ya fi haka nauyi, domin ihun gidan kallo ba ya isa Landan, amma ihun filin Sani Abacha a kunnen yaro yake sauka. Ɗan wasan da Pillars ta ɗauko daga wata ƙungiya ta kudu, ko daga ƙaramin rukuni, zai zo garin da bai san kowa ba, ya yi tafiyar mota mai nisa zuwa Aba ko Fatakwal ko Uyo, ya buga a filin da cin wasa a waje yake da wuya ƙwarai, sannan ya dawo gida ya tarar da dubban masu cewa "Sai Masu Gida" suna jiran ya yi abin da ɗan wasansu Rabi'u Ali Pele ya shekara da shekaru yana yi. In ya ɓarar da ƙwallo biyu aka fara yi masa ihu, ta uku ba zai nemi a ba shi ba. Zafin kan 'yan kallo kuma mun ga inda yake kaiwa. A 2022 hargitsin da aka yi a wasa da Katsina United ya jawo wa Pillars tara da hukunci, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar lig ta Najeriya sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo.

To wasa nawa? Babu adadin da aka rubuta a littafin doka, amma ga nawa ra'ayin. Wanda ya sauya ƙungiya a cikin gasar da ya saba, a ba shi wasa goma da aka fara da shi tun daga farko. Wanda ya tsallako daga wata ƙasa, da sabon harshe da sabon yanayi da sabon salon wasa, a ba shi rabin kaka, wato wasa 19, musamman in bai yi atisayen share fage da ƙungiyar ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 21 kuwa, sai ya ga kaka ta biyu. In wannan lokaci ya wuce, ba ya cin ƙwallo, ba ya bayarwa, ba ya dawowa tsaro, koci kuma ya fara fifita wani a kansa, to sai ka sallama wa abokanka, kuma ba abin kunya ba ne. Amma a wasa na huɗu, kai ne a kan daidai. Ka gaishe mana da mutanen Ɗanbatta.