Rubutun Haɗin Gwiwa a Kwamfuta: Aikin Na Wane Ne?

Gabatarwa

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A da, idan malami ya ba da aikin rukuni, sai ɗalibai sun taru a ɗaki ɗaya da takarda da biro. Yanzu kuwa manhajoji irin su Google Docs, wadda ta fito a 2006, suna bai wa mutane da yawa damar yin rubutu a takarda ɗaya, kowa daga inda yake. Wannan muƙala za ta duba tambayar da ɗalibai ba su cika yi ba sai an sami saɓani, wato aikin da aka yi tare, na wane ne a idon doka?

Abin da Doka Ta Tanada

A ce ɗalibai huɗu sun tattara kalmomin ciniki daga bakin Hausawa 'yan kasuwa, suka rubuta ma'anoninsu tare. Bayan an gama karatu, sai ɗaya ya buga littafi da sunansa shi kaɗai. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, tana kare rubutu tun daga ranar da aka yi shi, ba sai an yi rajista ba. Kalmomin harshe dai ba mallakar kowa ba ne, amma bayanin da aka rubuta a kansu yana da masu shi. Idan aikin kowa ya cuɗanya da na ɗan'uwansa, to haƙƙin na su huɗun ne, kuma kariyar ba ta ƙarewa sai shekara 70 bayan rasuwar na ƙarshensu. Haka nan, sallama haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce.

A nan ne kwamfuta take da rana. Google Docs tana adana tarihin gyare-gyare, da sunan wanda ya yi kowane gyara da lokacin da ya yi shi. Wanda ya yi rubutu da asusun abokinsa kuwa, ya shafe shaidarsa da hannunsa.

Sharuɗɗan Wikipedia

Duk ɗalibin da ya yi rubutu a Wikipedia ta Hausa ya amince da lasisin Creative Commons. Ma'ana, kowa na iya kwafar rubutun, ya gyara shi, har ya sayar, muddin ya ambaci marubutansa kuma ya saki nasa bisa wannan sharaɗi. Ba a janye wannan izini. Saboda haka babin kundin da aka rubuta tare bai kamata ya shiga can ba sai kowa ya yarda.

Kammalawa

Kafin a buɗe takardar haɗin gwiwa, a rubuta yarjejeniya ko da ta layi biyar ce: wa zai yi me, yaya za a jera sunaye, wa ke da ikon bugawa. Kowa kuma ya yi aiki da asusunsa. Rigakafi dai ya fi magani.