Zaɓen Gilashin Rage Haske Don Ɗaukar Hoto a Sabon Ibadan da Kewayenta

Gabatarwa

Unguwar Sabo, wadda aka kafa wa Hausawa a Ibadan a 1916, ita ce makarantata ta farko a harshen Hausa, kuma a titunanta na fi ɗaukar hoto. A wannan maƙala zan yi tsokaci a kan wani ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a bakin idon kyamara, wanda ake rubuta ND a jikinsa. Na kira shi gilashin rage haske, domin aikinsa ke nan: yana rage haske ba tare da ya sauya launin abu ba.

Amfaninsa

Kyamara tana ɗaukar hoto ne cikin ƙiftawa ɗaya. Idan aka tsawaita ƙiftawar, duk abin da ke motsi zai narke: ruwa ya kwanta sumul, gajimare ya miƙe kamar zare. Sai dai ranar Ibadan tana da ƙarfi. Da tsakar rana, in an sa ISO 100 da ƙofar haske f/16, ƙiftawar ba ta wuce kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa. In aka tsawaita ta haka kawai, hoton zai fito fari fat. To, a nan ne gilashin yake shigowa.

Lissafinsa

Lambar da ke jikin gilashi ita ce yawan ninkin da za a yi wa lokaci. Mu ɗauki wancan misali na tsakar rana:

ND8 zai kai shi kashi 1 cikin 15 na daƙiƙa.
ND64 zai kai shi rabin daƙiƙa.
ND1000 zai kai shi daƙiƙa 8.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya taɓa aljihunsa, sai ya tambayi kansa: me ke motsi a gabana, kuma a wane lokaci?

A cikin Sabo, masu motsi su ne mutane da babura. Da ND64 masu wucewa sukan zama inuwa-inuwa, a ga kai-komon unguwa ba a gane fuskar kowa ba. Da ND1000 kuwa kusan ɓacewa suke yi, a bar gine-gine tsaye. Amma a lura, mai goro ko ɗan canji da ke zaune wuri ɗaya zai fito sarai. Don haka nakan yi sallama, in ce, "Baba, don Allah ko zan iya ɗaukar hoto a nan?" In an ce a'a, sai in naɗe kayana.

A madatsar ruwa ta Eleyele, wadda aka gina a 1942, yamma ta fi kyau. Idan kyamara ta nuna kashi 1 cikin 15, ND64 zai ba da kimanin daƙiƙa 4, wanda zai lafar da ƙananan igiyoyin ruwa. A hasumiyar Bower ta kan tudun Oke Are, wadda aka gina a 1936, ana hango jajayen rufin kwanon birni. Gajimaren damina a can yana buƙatar daƙiƙa 30 ko fiye, wato aikin ND1000 ne. Da hunturu kuwa, hazo ya rufe sama, babu abin da gilashi zai ja.

Wajen Saye

A duba faɗin bakin idon kyamara, misali milimita 58 ko 77. Gara a sayi babba a haɗa da zoben da zai daidaita shi da ƙanana. Gilashi mai juyawa, wanda ake ƙara duhunsa da hannu, yakan jefa baƙin gicciye a hoto in an murɗa shi ƙarshe. Na araha kuma yakan rina hoto ja ko shuɗi, ka ga araha ba ta ado. Dole ne a kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, a kuma saita hoto kafin a ɗaura gilashi, don kyamara ba ta gani sosai ta cikin ND1000.

Kammalawa

Shawarata ga mai kuɗin gilashi ɗaya ita ce ya fara da ND64, domin yana aiki a titi da rana, a bakin ruwa da yamma. In hali ya samu, sai ya ƙara da ND1000 kafin damina ta kankama.