Saƙon zuciya zuwa ga ƙoda

Ƴan'uwa, kowa ya san zuciya ce ke tura jini cikin jiki, ƙoda kuma ita ke yin fitsari. To, ko kun san zuciya tana aika wa ƙoda saƙo? A kan gishiri take aika shi.

Aikin ƙoda

Mutum yana da ƙoda 2, ta wajen baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Dare da rana suna tace jini. Ruwan da suke tacewa a kwana ɗaya ya kai litir 180, kusan cikin babbar ganga. Amma fitsarin da ke fita wajen litir ɗaya da rabi ne kawai. Sauran ruwan ƙoda tana maida shi cikin jini, tare da gishirin da jiki ke bukata.

Cikin gishiri akwai wani abu da ake ce ma sodiyom. Duk inda sodiyom ya tafi, ruwa na biye da shi. Shi ya sa in ka ci kilishi mai gishiri sai ƙishirwa ta kama ka. Ka sha ruwa, gishiri ya riƙe shi, jini ya ƙaru.

Yadda saƙon ke tafiya

Zuciya tana da ɗaki 4, biyu sama, biyu ƙasa. Jinin da ya dawo cikin zuciya, ɗakunan sama yake fara shiga. In jinin ya yi yawa sai bangonsu ya miƙe, kamar salka ta cika da ruwa. Nan take su saki wani sinadari cikin jini. Masana suna kiran shi ANP. Mu ce masa ɗan aike.

Ɗan aiken nan yana yin aiki 3. Na farko, yana sa ƙoda ta ƙara tace jini. Na biyu, yana hana ta maida sodiyom da yawa cikin jini, sai ya fita cikin fitsari, ruwa ya bi shi. Na uku, yana sa jijiyoyin jini su saki, su buɗe. Da haka jini ya ragu, zuciya ta samu sauƙi. Bayan ƴan mintoci ƙarfin ɗan aiken ya ƙare, sai in zuciya ta sake aiko wani.

Manoman rani na Konni sun san irin wannan. Ruwa na zuwa musu daga madatsun Mozage da Zango. In hanyar ruwa ta cika har za ta fashe, dole a buɗe ƙofa a rage. Zuciya ita ke ganin cikar, ƙoda ita ce ƙofar.

A 1981 aka gano wannan abu, a ƙasar Kanada. Wani masani mai suna Adolfo de Bold, haifaffen Ajantina, shi da abokan aikinsa suka tatsi ruwan ɗakunan sama na zuciyar ɓera, suka yi wa wasu ɓeraye allura da shi. Nan da nan ɓerayen suka yi ta fitsari mai gishiri da yawa.

Ina ruwanmu da wannan?

Ɗan aike yana da iyaka. In kullum ana cika jiki da gishiri, shekara da shekaru, yana iya kasawa. Daga nan hawan jini ke samun hanya, wanda muke ce ma tansiyo. Hawan jini yana gajiyar da zuciya, yana ɓata ƙoda, yana kawo mutuwar ɓarin jiki. Sau da yawa kuma mai shi ba ya jin ciwon kome.

Ba gishirin miya kaɗai ke da sodiyom ba. Magi yana da shi, kanwa ma haka. A shekarun 1970, likitoci a Zariya sun ga mata masu jego da yawa da zuciyarsu ta gaza: ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Saboda haka mai jego ta yi hankali da kanwa. In ta ga kumburi ko haki, a kai ta likita maza-maza, kada a tsaya jira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum ke ci a kwana ɗaya ya kai giram 5, wato kamar cikin ƙaramin cokalin shayi. Uwargida, in kin sa magi, rage gishiri. Albasa ga ta nan Galmi, ga tafarnuwa da citta, duk suna ƙara wa miya daɗi. Maigida, ranar kasuwa ka biya likita a auna maka jini. In awo ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, ka koma a sake aunawa, ka bi abin da aka gaya maka.

Tambayoyi

1. Litir nawa na ruwa ƙoda ke tacewa a kwana ɗaya?
2. Yaushe zuciya ke sakin ɗan aike?
3. Faɗi aiki 3 da ɗan aiken ke yi.
4. Rubuta abinci 3 masu sodiyom da ake ci a gidanku.