Shawarwari Shida Ga Iyaye a Gidan Katta da Kewaye

A garuruwanmu na bakin iyaka, jinkiri yakan yi wa marar lafiya ɓarnar da ta fi ta ciwon kansa: a jira maigida ya dawo daga kasuwar Lahadi ta Illela, a jira gari ya waye, a gwada jiƙo tukuna. Ga abin da za a iya yi a gida, da lokacin da ya wajaba a kama hanyar asibiti.

1. Gudawa da amai. Abin da ke kashe yaro a nan shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ki zuba ƙullin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu masu rabin lita. In babu ƙullin, a lita ɗayan ki zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Ki ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan; in ya amayar, a dakata minti 10 a ci gaba. A haɗa da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Kada a janye nono. Kuma don Allah a daina cewa haƙori ne, zai wuce. In ido ya faɗa, maɗiga ta loɓa, ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gida, asibiti a ranar.

2. Zazzaɓi. Ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba. Gwajin ɗigon jini a yatsa ba ya wuce minti 20, a yi shi kafin a sayi magani. In an tabbatar, a shanye maganin kwana 3 cif, safe da yamma; wanda ya tsaya don ya ji sauƙi, ciwon ya bar wa ƙofa a buɗe. Ku guji ƙwayoyin da masu talla ke yawo da su a tire, rana na dukansu. Da damina, in masu rabon maganin kariya na yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 suka yi sallama, ku karɓa, ki kuma ba da na kwana na biyu da na uku da kanki. Yaro in ya kama jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali a bakinsa, kada a yi masa ɗure ko turare.

3. Sanƙarau. Lokacinsa daga hunturu zuwa tsakiyar bazara, kuma jihar Sakkwato ta ɗanɗana kuɗarsa a 2017. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya ba su da maganin gida. A wuce Babban Asibitin Illela ko da tsakar dare ne.

4. Ki riƙa duba bakin yaronki, musamman mai rama ko wanda ya tashi daga ƙyanda. Dasashi mai jini da wari da kumburin kunci na iya zama cutar noma, wadda ke cinye fuska cikin 'yan kwanaki. Da wuri, magani na tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato. Allurar ƙyanda kuwa a wata 9 ake yi, a maimaita a wata 15.

5. A bar wa jariri belinsa. Cire shi na jawo zubar jini da shigar cuta.

6. Wannan taku ce, magidanta. Mai ciki in ta ga jini, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko ciwon kai ya hana ta gani sosai, ko naƙuda ta wuce awa 12, ba ta da lokacin jiran kowa. Da yawanku kan kwana a Kwanni ko Sakkwato wajen fatauci. Kafin ka fita, ka faɗa a gaban mahaifiyarka cewa ka ba da izinin zuwa asibiti, ka ajiye kuɗin mota, ka kuma yi magana da mai abin hawan da za a kira. Yau ɗin nan ka yi, ba sai ranar ba.