Darasi na Bakwai: Warwatsuwar Haske da Bibiyar Samuwar Kiristal a Cikin Ruwa

7.0 Gabatarwa

Wannan darasi yana daga cikin darussan karanta bayanin kimiyya da harshen Hausa. Za a duba yadda masana ke amfani da haske wajen gano lokacin da narkakken abu ya fara haɗuwa ya zama kiristal. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi ya iya bayyana ma'anar kiristal, da hanyoyin awon, da kuma amfaninsu.

7.1 Ma'anar Kiristal

Kiristal shi ne daskararren abu wanda ƙananan ƙwayoyinsa suka jeru cikin tsari guda mai maimaituwa, kamar gishiri da sukari. Kowane ruwa yana da iyakar abin da zai iya narkarwa. Alal misali, ruwa giram 100 yana narkar da gishiri kimanin giram 36 a zafin ɗaki. Idan aka kai wannan iyaka sai a ce ruwan ya ƙoshi. Idan kuma ruwan ya ragu alhali gishirin yana nan, to ya wuce ƙoshi ke nan, sai rarar ta fara fita. Haka ake samun gishiri a Bilma ta ƙasar Nijar, inda rana ke ƙafar da ruwan gishiri a cikin ramuka.

Sai dai kafin ido ya ga kiristal, ƙwayoyin sukan fara taruwa ne dunƙule-dunƙule, girmansu 'yan nanomita kaɗan. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Madubin ƙara girma na yau da kullum ba ya tantance abin da ya gaza nanomita 200. Saboda haka tilas a nemi wata dabarar.

7.2 Warwatsuwar Haske

Idan hasken rana ya ratso ta kafar ƙofa zuwa ɗaki mai duhu, akan ga hanyarsa sarai, domin ƙura tana watsa shi ko'ina. John Tyndall ya nazarci wannan a shekarar 1869. A 1871 kuma Lord Rayleigh na Ingila ya fitar da lissafinsa. Lissafin ya nuna cewa idan faɗin 'yar ƙanƙanuwar ƙwaya ya ninka sau biyu, hasken da take watsawa zai ninka sau 64. Wato ke nan, da zarar ƙwayoyi sun fara dunƙulewa, hasken zai tona asirinsu. Samuwar hasken leza a 1960 ya sauƙaƙa wannan aiki, domin haske ne mai ƙarfi mai launi guda. Ana haska shi cikin ruwan, a ajiye na'urar awo a gefe.

7.3 Hanyoyin Awo

(a) Auna ƙarfin haske: Wannan yana nuna nauyin ƙwayoyin da kuma yadda suke jan juna ko tunkuɗe juna. A 1994 masana biyu a Amurka, George da Wilson, sun nuna cewa furotin yana zama kiristal ne idan jan junan ya kasance matsakaici. Idan ya yi yawa sai a sami laka marar tsari. Idan babu shi kuwa, ruwan zai zauna yadda yake.

(b) Auna kaɗawar haske: Ƙwayoyin da ke cikin ruwa ba su zama wuri guda. Robert Brown ya lura da wannan motsi a 1827, Albert Einstein kuma ya bayyana dalilinsa a 1905. Ƙananan ƙwayoyi suna da sauri, manya kuwa suna da nawa. Don haka hasken da ƙanana suka watsa yakan yi ta hawa da sauka da sauri, na manya kuma a hankali. Daga saurin kaɗawar ne kwamfuta ke lissafa girmansu.

(c) Auna canjin launi: A 1928 C. V. Raman ya gano a Kalkata ta Indiya cewa wani ɗan kaɗan daga hasken da aka watsa yana canza launi. Yanayin canjin ya danganta ga irin abin da kuma tsarin jeruwarsa. Ta haka ake bambance kiristal biyu na abu guda.

7.4 Muhimmanci da Iyaka

Masu bincike ba su iya gane siffar furotin da hasken eksire sai sun sami kiristal mai kyau, abin da kan ci makonni. Awon haske yana sanar da su tun da wuri ko aikin ya kama hanya. Haka nan masu haɗa magunguna. A 1998 maganin cutar ƙanjamau mai suna ritonavir ya fara fitowa da wani sabon tsarin kiristal mai wuyar narkewa, har kamfanin Abbott ya dakatar da ƙwayoyinsa, sai da aka sake haɗi. Abin lura shi ne, sinadarin bai canza ba, jeruwarsa ce kawai ta canza.

Duk da haka dabarar tana da iyaka. Ƙura ƙwaya ɗaya tana iya danne hasken dubban ƙananan ƙwayoyi, shi ya sa ake tace ruwan tukuna. Idan kuma ruwan ya gurɓace ƙwarai, haske yakan warwatsu sau da yawa kafin ya fito, sai lissafin ya rikice.

7.5 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa kiristal yana farawa ne daga dunƙulen da ido ba ya gani, kuma ana gano shi ta ƙarfin haske, da kaɗawarsa, da canjin launinsa.

7.6 Auna Fahimta

1. Me ake nufi da "ƙoshi" da "wuce ƙoshi" a wannan darasi?
2. Me ya sa ake tace ruwa kafin awo? Danganta amsar da lissafin Rayleigh.
3. Fito da kalmomin aro guda biyar daga darasin, ka bayyana yadda aka hausantar da kowace.