Darasi: Kada a Ɗauki Uwa Tare da 'Ya'yanta

Karatu: Farawa 2:8-15; Kubawar Shari'a 22:6-7; Yohanna 6:5-13
Aya ta haddacewa: 1 Korintiyawa 4:2

A cikin shari'ar Musa akwai wata ƙaramar doka wadda mutane da yawa sukan wuce ba su lura da ita ba. Allah ya umarci Isra'ilawa cewa idan mutum ya tarar da sheƙar tsuntsu a hanya, uwa tana kwance bisa ƙwai ko 'yan tsaki, ba zai kama uwar tare da su ba. Ya iya ɗaukar 'ya'yan, amma lalle ya saki uwar. Allah kuwa ya haɗa dokar da alkawarin zaman lafiya da tsawon rai. Don me? Domin uwar da aka saki za ta sāke yin ƙwai. Allah bai hana mu ci ba, amma ya hana mu cinye iri. Bari mu duba yadda wannan koyarwa ta shafi ruwa da gonaki na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa.

1. Wurin da Allah ya sa mu

Farawa 2:15 ta nuna mana aiki biyu da Allah ya ba Adamu a cikin gonar Adnin, watau ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Mu ma ya ba mu namu wuri. A duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin dutse. Wannan shaida ce cewa ƙasar ta daɗe tana ciyar da mutane da dabbobinsu kafin a haife mu.

Kogin Bunga, wanda ya ratsa ƙasar Gwaram, daga tuddan wajen Jos ya taso. Can gaba ana kiransa Kogin Jama'are. Yakan haɗu da ruwan Haɗejiya wajen Gashuwa, su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. An tare ruwan Haɗejiya da madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai ambaliyar da takan cika fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu. Saboda haka masunta da manoman can suna dogara ƙwarai ga ruwan da ke wucewa ta ƙofarmu. Abin da muka zuba a kogi a Gwaram, wani ɗan'uwa ne zai sha shi a gaba.

2. Yadda kifi ke haihuwa

Sa'ad da damina ta sauka ruwa ya hau, tarwaɗa da ƙarfasa da sauran kifaye sukan bi ruwa su shiga fadama, su yi ƙwai a wurare marasa zurfi. A nan 'ya'yan suke girma. Uwar ƙarfasa ma a cikin bakinta take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abin kirki a kwanakin nan. Wanda ya kama ta a lokacin, ya ɗauki uwa tare da 'ya'yanta ke nan.

Da rani kuwa kogi yakan janye, ya bar yashi, sai 'yan wurare masu zurfi nan da can. Kifin da ya ragu a cikinsu shi ne irin baɗi, kamar damin gero da manomi yakan ɓoye a rumbu don shuka.

Iyayenmu sun san wannan. Shi ya sa garuruwan bakin kogi suke da Sarkin Ruwa, wanda yakan hana su a wani wuri har lokacin da ya ga ya dace. A Argungu, inda aka fara babban bikin su a 1934, akan tsare ruwan Matan Fada, ba a barin kowa ya shiga yadda ya ga dama. Don haka ne akan fito da giwan ruwa mai nauyin mutum ranar biki.

3. Hanyoyi uku na cinye iri

Ta fari ita ce guba. Dā wasu sukan daka magimfa su zuba a ruwa. Daga baya aka sami gamalin, maganin ƙwari mai ƙarfi. Guba ba ta zaɓe: takan kashe babba da ƙarami, da kwaɗi, da ƙwarin da kifi ke ci. Shanu su sha ruwan, yara su yi wanka a ciki, a kuma sayar wa maƙwabci kifin ya ci. Dokar kamun kifi ta Nijeriya ta 1992 ta hana su da guba, da nakiya, da wutar lantarki. A 2009 kuma ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikin gamalin a jerin waɗanda za a daina yi. Amma mai bi ba ya jiran ɗan sanda kafin ya bar mugunta.

Ta biyu ita ce koma mai ƙananan idanu. Har gidan sauro, wanda aka raba domin tsare yaranmu daga zazzaɓi, wasu sun mai da shi abin su. Kwano ɗaya na 'yan kifi da aka tace yau, da an bar su wata shida da sun cika kwanduna.

Ta uku ita ce ɓata bakin kogi. Idan muka sare itatuwan gaɓa, muka yi huɗa har bakin ruwa, ruwan sama zai kwashe ƙasar gona ya zuba a kogi. Wurare masu zurfi su cike da yashi, kifi ya rasa mafakar rani. Hasara biyu ke nan, gona ta tafi, kifi ya tafi. Haka nan kuma wanda ya wanke tankin feshi a rafi ya zuba guba, ko da bai yi nufi ba.

4. Abin da za mu iya yi

A ruwa: mu yi amfani da taru mai manyan idanu, mu mai da ƙananan kifi, mu dakata da su a wuraren haihuwa da farkon damina, mu kuma girmama dokar Sarkin Ruwa.

A gida: kiwon kifi ba baƙon abu ba ne a Arewa, gama tun farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi a Panyam ta ƙasar Filato. Tarwaɗa tana jure zafi da ƙarancin iska a ruwa. Idan ta sami abinci mai kyau da ruwa mai tsabta, takan isa sayarwa cikin wata biyar ko shida. Ruwan da aka canza daga ramin kifi taki ne, a kai shi lambun albasa ko alayyafo, kada a sake shi cikin rafi. Amma sai a zauna a yi lissafi tukuna, gama abincin kifi shi ne ke cin yawancin kuɗin. A fara da kaɗan. Ƙungiyar mata ko ta matasa za ta iya haɗa hannu a kan rami ɗaya.

A gona: a 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maradi, mai suna Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara suna fitowa ne daga kututturan itatuwa masu rai. Ya koya wa mutane su bar reshe mafi ƙarfi, su datse sauran, su tsare shi daga awaki da wuta. Ta wannan hanya manoman Nijar suka rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada wajen miliyan 5. Ba a shuka su ba, bari kawai aka yi. Mu ma muna da kalgo da sabara da gawo a gonakinmu. Gawo yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, yana kuwa ƙara wa ƙasa ƙarfi.

5. Shaidarmu

Watakila wani zai ce, in na bar kifin nan wani ne zai kama, ga kuma yara suna jin yunwa. Wannan magana tana da nauyi, ba za mu raina ta ba. Shi ya sa aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Dattawan ekklesiya su je wurin mai gari da Sarkin Ruwa, su zauna tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama kogi ɗaya muke sha. Ekklesiya kuma ta taimaki matalaucin da ke cikinta, domin kada yunwa ta tura shi ga guba.

Ubangijinmu Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar da gurasa biyar da kifi biyu. Duk da haka ya sa almajirai su tattara ragowar, don kada a yi ɓarna. In mai ikon yawaita kifi bai yarda da ɓarna ba, balle mu? Mu wakilai ne, ba masu dukiya ba, abin da ake nema ga wakili kuwa shi ne aminci.

Tambayoyi

1. Me ya sa Allah ya ce a saki uwar tsuntsu?
2. Ina kifi yake fakewa da rani a ƙasarku, wa ke tsaron wurin?
3. In an kawo mana kifi mai araha, muka san da guba aka kama shi, me za mu yi?
4. Kututture nawa kowannenmu zai bari ya tsiro a gonarsa bana?

Addu'a: Ya Ubangiji, ruwa naka ne, ƙasa taka ce. Ka ba mu abincin yau, ka kuma ba mu zuciyar barin iri domin 'ya'yanmu. A cikin sunan Yesu, Amin.