Yadda Ɗalibi Zai Samo Ingantattun Bayanan Bincike Da Wayarsa

Lokacin rubuta furojet, ɗalibai da yawa kan kwashi duk abin da ya fara fitowa a Google, sai malami ya soke aikin da jan biro saboda ba a san marubucin ba. Littattafan laburare kuwa an tantance su, sai dai wasu sun tsufa.

Ga hanyoyin da za a bi:

1. A fara da Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004. Yana nuna marubuci, shekara, da yawan masanan da suka ambaci aikin.

2. A leƙa AJOL domin mujallun binciken Afirka, da DOAJ inda duk maƙalun kyauta ne.

3. A ƙara site:edu.ng bayan kalmar bincike, sai sakamakon ya taƙaita ga shafukan manyan makarantun Najeriya.

4. ChatGPT kan ƙirƙiri sunan littafin da babu shi. A nemi kowane suna a Google Scholar kafin a saka shi.

Idan maƙala ta nemi kuɗi, a tambayi ma'aikacin laburaren makaranta tukuna, wataƙila sun biya kuɗin rajistar mujallar.